Ibn Sina da Mutumin da Ke Rataye a Iska

Kullum muna cewa "ni", amma ba kasafai muke tsayawa mu tambayi wa muke nufi ba. Jiki ne, ko suna, ko dangin da muka fito? Shekara dubu ke nan da wani likita ya yi wa wannan tambaya zama na musamman.

An haifi Abu Ali Ibn Sina wajen shekarar 980 kusa da Bukhara, a Uzbekistan ta yau, ya rasu a Hamadan ta ƙasar Iran a 1037. Ya yi wazirci, ya kuma sha ɗaurin wata huɗu a gidan kaso na Fardajan. A littafinsa Al-Shifa, cikin sashen da ya yi bayani kan rai, ya kawo wani misali.

A ƙaddara an halicci mutum yanzun nan, baligi mai cikakken hankali, yana rataye a sarari. Idonsa a rufe, babu ƙarar da ke shiga kunnensa, gaɓoɓinsa a ware, babu wadda ta taɓa wata, ko iskar ma ba ya jin ta. Bai san yana da hannu ko ƙafa ba, bai san akwai duniya ba. To, zai san akwai shi? Ibn Sina ya ce ƙwarai zai sani. Tunda kuwa ya tabbatar da samuwarsa alhali bai san jikinsa ba, ashe abin da ke cewa "ni" daban yake da jiki. Ya ƙara da cewa kowane rai tare da jikinsa yake samuwa, kuma bayan mutuwa ba ya narkewa cikin sauran rayuka.

Maganar ba ta wuce salin alin ba. Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wa masana falsafa raddi mai zafi kan cewa rai kaɗai ne zai tashi, ban da jiki. Ibn Rushd na Andalus, wanda ya rasu a 1198, ya bi wata hanyar: a ganinsa hankalin da ke gane gaskiya ɗaya ne, dukan mutane tarayya suke a cikinsa. A ƙarni na 12 aka juya wannan sashe na Al-Shifa zuwa Latin a birnin Toledo, malaman Turai suka yi ta nazarinsa. Sai a 1637 Descartes na Faransa ya kafa hujjar samuwarsa a kan tunaninsa.

Mai karatu, wannan gardama ta shafe ka. In babu "ni" da ke tsaye da kansa, wa za a yaba wa, wa za a tuhuma? Bahaushe ya riga ya yanke nasa hukuncin da ya ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Dangi na iya raka ka ko'ina, amma ciwon da ke jikinka kai kaɗai ne ke jin sa.