Daga Majigi Zuwa Talabijin: Tarihin Kallo a Ƙasar Daura

Tun kafin wata na'ura ta iso ƙasar Hausa, kallo a Daura yana da lokacinsa, yana da wurinsa, yana kuma da mai ba da izininsa. Idan watan Rabi'ul Awwal ya kama aka yi Sallar Gani, ko kuwa aka sauko daga idi ranar ƙaramar salla da babba, hakimai da dagatai sukan shigo birni daga Zango da Baure da Mai'aduwa da Sandamu, kowa da dawakinsa da makaɗansa, talakawa kuma su cika ƙofar fada da bakin hanya, yara bisa katanga, mata daga cikin soraye, har sarki ya karɓi jafi a watse. In kaka ta yi aka kai amfanin gona rumbu, sai dambe da kokawa su karɓi dandali, da azumi kuma yara su fito tashe. A cikin wannan duka ba a san mutum ya keɓe kansa a ɗaki ya yi kallo shi kaɗai ba, domin kallo sha'anin jama'a ne, a sarari ake yinsa, idon manya yana bisa ƙanana. Kuma da wannan tsohuwar ƙa'ida ce mutanen ƙasar suka riƙa auna kowace baƙuwar na'ura da ta zo musu, ko sun faɗa da baki ko ba su faɗa ba.

Ta farko da ta zo ita ce majigi, a zamanin Sarki Abdurrahman, wanda ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966. Asalinta daga wani ma'aikacin lafiya ne na Turawa a Ikko, William Sellers, wanda ya lura cewa gani ya kori ji, ya fara ɗaukar hoto mai motsi domin nuna wa mutane yadda ɓera ke yaɗa annoba, har gwamnatin Ingila ta ɗora shi bisa sashen fina-finan ƙasashen da take mulka a 1939. Daga nan motocin majigi suka bazu cikin lardunan Arewa, kuma tsarin zuwansu ɗaya ne a ko'ina: takarda ta riga mota isowa wurin En'e, hakimi ya sa a yi shela, da la'asar mota ta tsaya a ƙofar gidansa ko a filin makaranta, a kafa sanduna a ɗaura farin ƙyalle, a tayar da inji, sa'an nan bayan sallar lisha haske ya faɗa bisa ƙyallen, wani malami mai zaƙin baki ya riƙe lasifika yana fassara abin da ake gani, yana ƙara masa gishiri gwargwadon hikimarsa. Abin da ake nunawa bai wuce tsafta da rigakafi da yaƙi da jahilci da labarun gwamnati ba, kamar hawan daba da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956, da wasan Baban Larai da aka shirya domin gyaran noman auduga, daga baya kuma tafiye-tafiyen Sardauna. Ba a biyan ko anini. Kuma tun da ta hannun sarauta ta shigo, a gaban dattawa ake yinta, uba ba ya jin kunyar a gan shi a wurin tare da 'ya'yansa.

Silima kuwa, ko da yake na'urarta da ta majigi uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, hukuncin da aka yi mata dabam ne ƙwarai. A Kano, inda fataken Daura da 'yan cin rani ke zuwa ta hanyar Kazaure, an buɗe gidan silimar Rex a 1937 a wajen ganuwa, kusa da unguwannin baƙi, hannun 'yan kasuwa Kwarori ne kuma ya riƙe wannan sana'a. Wuri ne da ake shiga da kuɗi, cikin duhu, inda babu mai tambayar ɗan wane ne kai, inda kuma ake cuɗanya da mutanen da mai mutunci ba ya so a gan shi da su. Da gobara ta tashi a silimar El Duniya a 1951 ta halaka fiye da mutum 300, da yawa daga cikin jama'a sun ɗauki abin a matsayin ishara. A ganina ba hoton ne ya tayar wa malamai hankali ba sosai kamar wurin, domin a mazhabar Malikiyya, wadda ake karantawa a zaurukanmu daga Risala zuwa Muhtasar, surar da aka tsananta haramcinta ita ce ta mai rai wadda aka sassaƙa tana da inuwa, alhali wadda take shimfiɗe bisa takarda ko bango hukuncinta ya fi sauƙi. Abin da ba shi da sauƙi shi ne lagawu, da cuɗanyar maza da mata ajnabai, da tozarta lokacin salla, waɗanda duka suka taru a gidan silima. Saboda haka ɗan malam ya iya zama gaban majigi a ƙofar hakimi, amma in ya je Kano ya shiga silima ya ga wasan Indiya, to, ba labarin da zai kawo gida ba ne.

Talabijin ta fara a Ibadan a watan Oktoba na 1959, gwamnatin Arewa kuma ta buɗe tata a Kaduna a 1962, amma shekaru da dama bayan haka mutumin Daura labarinta kawai yake ji, saboda nisan tasha da rashin wutar lantarki da tsadar akwatin. Sai a zamanin Sarki Muhammadu Bashar, wanda ya hau a 1966, musamman bayan kuɗin man fetur ya yawaita aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin Udoji a tsakiyar shekarun 1970, aka kuma haɗa tashoshin ƙasa ƙarƙashin hukumar NTA a 1977, sa'an nan dogayen sandunan eriya suka fara leƙowa bisa rufin gidajen manyan ma'aikata da alhazan birni. Wanda ya san akwatin wancan zamani ba zai manta da shi ba. Katako ne mai ƙafa huɗu, yana da ƙofofi biyu da ake ja a rufe fuskar gilashin, wani ma har da makulli. In aka kunna sai a yi jira ya ɗau zafi, haske ya bayyana sannu a hankali ya zama hoto baƙi da fari. In hoton ya cika da yayyafi sai a tura yaro waje ya riƙa juya sandar eriya, na ciki suna yi masa kira, ƙara kaɗan, koma baya, tsaya nan. Tasha ba ta buɗewa sai da yamma, ta rufe kafin tsakar dare da taken ƙasa, uwargida ta kawo ƙyallen da ta saƙa ta lulluɓe akwatin saboda ƙura.

A nan ne al'amarin ya juya, domin gidan Bahaushe an gina shi ne bisa ƙa'idar wa zai shiga, ina kuma zai tsaya: baƙo iyakarsa zaure, na kusa ya kai shigifa, cikin gida kuwa sai muharrami da yaro. Majigi ta tsaya a dandali, silima ta tsaya a bayan ganuwa, amma talabijin ta ratsa zaure ta wuce shigifa ta zauna a falon maigida, inda matan kulle, waɗanda ba su taɓa taka ƙofar silima ba kuma ba za su taka ba, suka zama su ne manyan masu kallo. Gidan da yake da akwati ya zama silimar unguwa ba tare da an sa masa wannan suna ba. Da magariba ta wuce yaran maƙwabta sukan taru a bakin ƙofa, a sa su wanke ƙafa, a jera su bisa tabarma, wanda ya cika surutu a kore shi ya koma leƙe ta taga; maigidan da ya hana shiga kuwa ya sayi baƙin jini mai tsada, don ba a yafe rowar kallo kamar yadda ba a yafe rowar ruwa. Abin da suke jira shi ne wasan kwaikwayo na Hausa, irin na Samanja Mazan Fama da Usman Baba Pategi ya shahara da shi, da wasannin Ƙasimu Yero, da Karkuzu na Jos, da Kasagi, wato Umaru Ɗanjuma Katsina, mutanen da suka yi magana da harshen gida bisa matsalolin gida, har tsofaffin da suka fara ɗaukar akwatin a matsayin kayan shaiɗan suka matso da buzunsu.

Malamai ba su yi ittifaƙi a kan talabijin ba, har yau ma ba su yi ba. Sai dai abin da ya sassauta zukata shi ne ganin cewa akwatin da ke kawo rawa da waƙa shi ne kuma ke kawo tafsirin watan azumi, wanda aka riga aka saba da jinsa a rediyon Kaduna daga bakin Shaihu Abubakar Gumi. Da farantan tauraron ɗan Adam kuma suka zo, tsohuwar da ba ta taɓa zuwa hajji ba ta ga ɗawafi da tsayuwar Arfa da sallar tarawihi daga Harami tana zaune a ɗakinta. Daga nan mafi yawan masu fatawa suka koma ga cewa na'ura ce, hukuncinta yana bin abin da aka zuba mata, maslaha ko mafsada, alhakin kuma yana wuyan mai riƙe da gidan.

Daura tana da wata riba da Zariya ba ta da ita, wato kusancin iyaka. Daga Kwangwalam ana taka ƙasar Nijar, Damagaram kuma ba ta da nisa, saboda haka masu doguwar eriya sukan kamo Télé Sahel, su ga kokawar gasar takobi da ake yi tsakanin jihohin can, da bayani cikin Hausar da suka saba ji a kasuwar Mai'aduwa. A ƙarshen 1983 kuma mutanen gari suka ga ɗansu, Manjo Janar Muhammadu Buhari, a cikin akwatin yana shugaban ƙasa. A 1987 aka yanke jihar Katsina daga Kaduna, labarun da ake nunawa suka matso kusa da gida.

Bidiyo ce ta karya ikon tasha, ta mayar da zaɓi hannun mai kallo. Da farko kaset ɗin Indiya da na 'yan Sin masu faɗa ake haya, har ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, daga nan fina-finan Hausa suka yi ambaliya, 'yan kasuwa suna saro su daga Ƙofar Wambai suna kaiwa har ƙauyukan Baure, inda mai ƙaramin janareta zai kewaye fili da zana, ya ɗora akwati bisa tebur, ya karɓi kuɗin shiga. Wannan shi ne mafarin gidan kallo, wanda daga baya ƙwallon ƙafar Ingila da Sifen ta mamaye shi, har ya zama samarin da ba su taɓa wuce Kano ba suna rabuwa gida biyu saboda Arsenal da Manchester United. Zargin da aka yi wa silima jiya shi ne ya dawo kan gidan kallo, kusan kalma da kalma. Su kuwa mata da yara tashar Arewa24, wadda ta fara a 2014, ta dawo musu da tsohuwar al'adar jiran sa'ar wasa, musamman saboda Daɗin Kowa.

Yanzu mai hali yakan sayo talabijin shafaffiya mai inci 65 ko 75 ya manna a bango, ya ce ya kawo silima gida. Gaskiya ne aikin ya kai a yaba. Tsohon akwati layuka 625 yake zana hotonsa da su, alhali wadda ake kira 4K tana da ɗigo 3840 a faɗi da 2160 a tsaye, fiye da miliyan 8 ke nan. A cikinsu kuma akwai iri biyu da ya kamata mai saye ya rarrabe, wadda fitila ke haskawa daga baya, da wadda ake kira OLED, inda kowane ɗigo ke kunna kansa ya kashe kansa, shi ya sa baƙinta baƙi ne ƙirin, dare a cikinta ya zama dare. Amma waɗanda suka ƙera ta sun ƙera ta ne suna tunanin ɗaki mai duhu mai sanyi, da wutar da ba ta rawa, da mutum biyu bisa kujera. Falon Daura kuwa ƙofarsa a buɗe take, ranar bazara tana shigowa da ƙarfinta, ƙurar hunturu tana bin kowace kafa, masu kallo kuma goma ne ko fiye, rabinsu a gefe bisa darduma. A irin wannan ɗaki ƙarfin haske, da kyawun hoto ga wanda ya zauna a karkace, sun fi zurfin baƙi amfani, kuma tun da jikin talabijin ɗin siriri ne muryarta ma siririya ce, dole a nema mata lasifika dabam in ana so tsohon da ke bakin ƙofa ya ji. Ga kuma wata magana da mai shago ba zai faɗa ba: yawancin abin da tashoshinmu ke aikowa bai kai rabin wannan kaifi ba, saboda haka faɗin gilashin yakan tona aibin hoton ne, tsohon fim ɗin da aka ɗauka a kaset ya fito dishi-dishi fiye da yadda yake a ƙaramin akwati.

Masu gyara a bakin kasuwa sun san sauran labarin, domin tsohon akwati ana buɗe bayansa a canza abin da ya ƙone a ci gaba da kallo shekara goma, wannan kuwa in gilashinta ya tsage, ko wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona allonta, kuɗin gyara yakan doshi kuɗin sabuwa. Shi ya sa mai hankali ba ya fitowa daga shago sai ya haɗa da sitabilaiza, in kuma da hali ya ɗora faifan sola bisa rufi ya ajiye batir da inbata a shigifa, abin da sau da yawa yakan ci kuɗin da ya fi na talabijin ɗin kanta.