Shehu Musa 'Yar'aduwa: Janar Ɗin Da Ya Koma Neman Ƙuri'a

Idan ana maganar sojan da ya tuɓe kaki ya shiga siyasa, akan kawo Janar Eisenhower, wanda ya mulki Amurka daga 1953 zuwa 1961. Mu nan Kebbi ma mun ga Janar Muhammadu Magoro ya zama sanata a 2011. Amma wanda siyasar ta ci ransa shi ne Tafidan Katsina, Manjo Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa.

An haife shi a Katsina a 1943, mahaifinsa Musa 'Yar'aduwa minista ne a Jamhuriya ta Farko. Ya yi horon soja a Sandhurst ta Ingila, ya kuma fafata a yaƙin basasa. Da aka kashe Janar Murtala a 1976, sai aka ɗaga shi daga laftanar kanar zuwa birgediya, ya zama na biyu ga Obasanjo yana ɗan shekara 32. A 1979 suka miƙa wa Shehu Shagari mulki, shi ma ya ajiye aiki.

To, a nan ne labarin yake. A bariki umarni ake bayarwa, a siyasa kuwa lallashi ake yi, kuma Tafida ya gane haka da wuri. Ya kafa ƙungiyar PF wadda ta narke cikin jam'iyyar SDP, ya tara mutane daga Kudu da Arewa, irin su Atiku Abubakar da Chuba Okadigbo da Tony Anenih. A zaɓen fid da gwani na 1992 ya sha gaban Olu Falae, amma Babangida ya soke zaɓen, ya kuma hana su sake tsayawa. Wanda ya miƙa mulki da hannunsa, ga shi 'yan uwansa sojoji sun tare masa hanya.

Bai yi zuciya ba. A taron tsara tsarin mulki na 1994, mutanensa ne suka tsaya kai da fata har aka yanke cewa gwamnatin Abacha ta sauka a Janairun 1996. A Maris 1995 aka kama shi bisa zargin yunƙurin juyin mulki, aka yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka mai da shi ɗauri. Ranar 8 ga Disamba 1997 ya rasu yana fursuna a Abakaliki.

Sai dai ƙungiyarsa ta PDM ba ta bi shi kabari ba. Tana cikin ginshiƙan da aka gina PDP a kansu a 1998; Atiku ya zama mataimakin shugaban ƙasa a 1999, ƙanensa Umaru kuma ya hau kujerar da aka hana shi a 2007.

Allah ya jiƙan Tafida, ya sa ya huta. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.