Batirin agogon tsohuwar kwamfuta: yadda ake canza shi ba tare da saiti ya ɓace ba

Tun bayan da sojojin Sudan suka sake karɓe birnin Khartum a watan Maris na 2025, masu garejin mota, masu shagunan kayan gyara da masu maɗaba'a ke komawa Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu ta Khartum, da takwararta ta Omdurman, domin ganin abin da ya rage. An wawashe wurare da yawa. Inda kwamfuta ta tsira kuwa, ta yi kusan shekara biyu ba ta ga wuta ba, tun ɓarkewar yaƙi ranar 15 ga Afrilun 2023. Irin wannan kwamfuta kan tashi da kwanan watan da ya wuce da shekaru, ko ta tsaya a baƙar fuska tana neman a danna F1, ko ta ce ba ta ga Windows ba. Sau da yawa lafiyarta ƙalau: ɗan batirin da ke riƙe mata agogo da saiti ne ya mutu. Wannan bayani zai yi amfani ga Hausawan Khartum, Maiurno da Gadarif, haka ma ga masu shagunan buga takardu a Maraɗi, Zinder, Garwa ko Kumasi.

Mene ne aikin batirin?

A kan babban allon kwamfuta, wanda masu gyara ke kira madabod, akwai agogo da ke ci gaba da tafiya ko an kashe na'urar, da wata 'yar ƙwaƙwalwa mai suna CMOS da ke riƙe saitin BIOS, wato shirin da ke tayar da kwamfuta kafin Windows. Tsarin ya samo asali ne daga kwamfutar IBM PC/AT ta 1984, wadda ta zo da guntun Motorola MC146818 mai ɗaukar bayit 64 kacal. A irin wannan ɗan wuri ake adana kwanan wata, nau'in ma'adanar bayanai, wato had-dis, da kuma inda kwamfuta za ta fara neman shirin tashi.

A yawancin kwamfutocin tebur na tsakiyar shekarun 1990 zuwa yau, muddin wayar wuta na jone, wutar bango ce ke ciyar da agogon, batirin yana hutawa. Da zarar an zare waya ko wuta ta ɗauke, nauyin ya koma kansa shi kaɗai. A haka yakan yi shekara uku zuwa biyar, kuma zafi na rage masa kwana, ga shi a Khartum ma'aunin zafi na haura digiri 40 a watannin Mayu da Yuni.

Abin da ya kamata mai shago ya sani tun farko: mutuwar batirin ba ta goge lissafin kuɗi, hotuna ko takardun da ke cikin had-dis. Hanyar isa gare su ce kawai ke ɓacewa. Asarar gaske takan zo ne idan aka yi gaggawar goge kwamfutar a sake ɗora mata Windows.

Me ya sa ba za a sayi sabuwa ba?

Takunkumin tattalin arziƙin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan daga 1997 zuwa Oktoban 2017 ya wahalar da shigo da sabbin na'urori da manhajoji, abin da ya sa wuraren sana'a suka saba da riƙon tsofaffi. Ban da haka, akwai injin yanka, injin ɗab'i da na'urar binciken mota waɗanda manhajarsu ba ta aiki sai da Windows XP ko DOS, kuma sai ta tsofaffin kafofin haɗi da sabbin kwamfutoci suka daina zuwa da su. Idan wannan kwamfuta ɗaya ta ƙi tashi, injin da ya ninka ta tsada sau da yawa ya zama ƙarfe.

Alamomi

Agogo na komawa baya duk lokacin da aka ɗauke wuta. A kwamfutocin zamanin DOS yakan koma Janairun 1980. Fuska na nuna saƙon “CMOS checksum error” ko “CMOS battery failure”. Shafukan intanet na ƙin buɗewa suna gargaɗin rashin tsaro, domin kwanan watan kwamfutar bai dace da na takardar shaidar shafin ba. Rasit na fita da kwanan wata na ƙarya. Windows XP na tsayawa a shuɗiyar fuska mai lamba 0x0000007B, wanda galibi ke nufin saitin had-dis ya sauya tsakanin IDE da AHCI.

Ire-iren batirin

Na farko shi ne CR2032, mai kama da kwabo: faɗinsa milimita 20, kaurinsa 3.2, ƙarfinsa bolt 3. Shi ne a mafi yawan kwamfutocin tebur, kuma ana samunsa wajen masu gyaran agogo da masu makullin mota. A Nijar a ce pil, a Sudan a ce hajar battariyya, amma lambar ce abin dubawa. Kada a musanya shi da LIR2032: girmansu ɗaya, amma wannan bolt 3.6 ne kuma na caji ne. A kwamfutar tafi-da-gidanka batirin kan zo a naɗe cikin roba da 'yar waya mai baki biyu. A sayi mai wayar, kada a ɗora dalma mai zafi kai tsaye a jikin batiri.

Na biyu shi ne mai kama da 'yar ganga, bolt 3.6, wanda aka liƙe da dalma a allunan zamanin 386 da 486. Shi ne mafi haɗari, domin idan ya tsufa yakan zubar da ruwa mai cin jan ƙarfen allo. Fari ko koren gari a ƙafafunsa alama ce ta cewa ya fara ɓarna. A cire shi ko da kwamfutar tana aiki.

Na uku baƙin akwati ne ɗan ƙarami mai rubutun Dallas DS1287 ko DS12887, wanda agogo da batiri ke rufe a cikinsa. An ƙera shi ya yi kimanin shekara goma ba wuta. Ko dai a canza akwatin gaba ɗaya, ko ƙwararre ya fere gefensa ya jona masa mazaunin CR2032. Wanda ya daɗe a kantin mai sayarwa na iya zama matacce tun kafin a saya.

Tsofaffin kwamfutocin Macintosh kuma na amfani da batirin bolt 3.6 mai rabin tsawon AA, shi ma yakan yi yoyo.

Kafin a taɓa komai

Idan kwamfutar na tashi, a fara kwafe muhimman bayanai zuwa filasha. Sannan a shiga BIOS ta hanyar danna Del, F2, F10 ko F1 lokacin tashi, gwargwadon kamfani, a ɗauki hoton kowane shafi da waya. Abubuwa huɗu suka fi muhimmanci: jerin inda ake neman shirin tashi, yanayin had-dis, saitin kafar da injin ke jone da ita, da kuma lambobin had-dis a kwamfutocin farkon shekarun 1990, waɗanda ake shigarwa da hannu. Idan saitin ya riga ya ɓace, waɗannan lambobi uku, na silinda, kai da sashe, galibi suna rubuce a takardar da ke manne a bayan had-dis ɗin.

Kwamfutar da ta daɗe a rufe kada a jona ta nan take. A buɗe, a kakkaɓe ƙurar habub da busasshen buroshi, a duba ko ɓera ko ruwa sun shiga. Idan akwai jan maɓalli a bayan akwatin wuta, a tabbata yana kan 230, ba 115 ba, domin wutar Sudan da Nijar da Najeriya duk ta 220 zuwa 240 ce.

Yadda ake canzawa

A kashe kwamfuta, a zare waya, a danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don sauran wuta ta fita. A taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin a taɓa allo. A tura ɗan ƙarfen da ke riƙe batirin da farce, zai ɗago da kansa. Kada a banƙare da sukundireba, mazaunin tsohuwar roba ne mai saurin karyewa. A auna sabon da mita: mai kyau kan nuna sama da bolt 3 kaɗan. A sa shi alamar + na kallon sama. Wasu na canzawa kwamfuta na kunne don saiti ya tsira, amma kwabon ƙarfe ɗaya da ya suɓuce kan allo mai wuta ya isa ya ƙone shi. Hoton waya ya fi arha.

Idan mai ganga ne ya zubar, a yanke ƙafafunsa, a goge wurin da ruwan khal kaɗan, a bi da sifirit, a bari ya bushe sarai. Kada a liƙa CR2032 a gurbinsa kai tsaye: allon na cajin wannan gurbi, CR2032 kuwa ba ya karɓar caji, sai an sa dayod a tsakani. Alluna da yawa na da ƙafafu huɗu na musamman don jona batirin waje.

Bayan an gama

A shiga BIOS, a gyara kwanan wata, a mayar da saiti kamar yadda hotuna suka nuna, a adana. Idan Windows ta ƙi tashi, a sauya tsakanin IDE da AHCI a sake gwadawa kafin a yi tunanin gogewa.

Akwai abin lura na musamman ga Sudan. Ranar 1 ga Nuwamban 2017 ƙasar ta mayar da agogonta baya da awa ɗaya, daga GMT+3 zuwa GMT+2. Microsoft ta daina sabunta Windows XP tun 8 ga Afrilun 2014, don haka XP ba ta san da canjin ba. Wanda ya bar ta a kan lokacin Nairobi zai ga ta yi gaba da awa guda idan ta daidaita agogo da intanet. A zaɓi Harare da Pretoria.

A ƙarshe, a rubuta ranar canji a takarda a manna cikin akwatin, tare da saitin da aka kwafa. Tsohon batirin a naɗe shi da salatif a nisanta shi da yara: idan yaro ya haɗiye shi yana iya ƙone masa maƙogwaro cikin awa biyu, kuma asibiti za a nufa nan take.