Ganɗoki

Ganɗoki littafin ƙagaggen labari ne na Hausa wanda Muhammadu Bello Kagara (1890–1971) ya rubuta, aka buga shi a Zariya a shekarar 1934. Yana cikin littattafan zube na farko da aka wallafa da Hausar boko. Labari ne na jarumtaka da yaƙe-yaƙe, wanda ya fara daga ƙasar Kontagora, a bakin iyakar Daular Usmaniyya ta kudu, a daidai lokacin da Turawan Ingila suke cin ƙasar Hausa da yaƙi.

Marubuci

An haifi Bello Kagara a shekarar 1890. Wa ne ga Abubakar Imam, marubucin Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce. Mahaifinsu, Malam Shehu Usman, malami ne kuma alƙali. Bello yana yaro Turawa suka ci Kontagora, saboda haka zamanin da ya rubuta labarinsa ya gan shi da idonsa. Ya yi karatun boko a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano. Daga baya ya koyar da Larabci da addinin Musulunci a Kwalejin Katsina, sannan ya yi alƙalanci har ya riƙe sarautar Walin Katsina. Ya kuma rubuta littafi a kan rayuwar Sarkin Katsina Muhammadu Dikko.

Yadda aka samar da littafin

A shekarar 1933 Rupert East, Baturen da ke kula da Hukumar Fassara a Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, don 'yan makaranta su samu abin karantawa da harshensu. Littattafai biyar aka buga bayan gasar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. Daga baya kamfanin NNPC na Zariya ya ci gaba da buga su.

Tarihin da labarin ya ginu a kai

Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku kuma jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa Kontagora, ya riƙe sarautar Sarkin Sudan. Masarautar ta girma ne da yaƙi da kamen bayi a ƙasashen Gwari da Kambari da Dakarkari, har hare-harenta suka taɓa Yawuri da yankin Zuru, waɗanda a yau suke kudancin Jihar Kebbi. A zamanin ɗansa Ibrahim Nagwamatse, sojojin Lugard suka ci Kontagora da Bida a farkon 1901. Kano ta faɗi a watan Fabrairun 1903, Sakkwato kuma a watan Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira zuwa gabas, aka kashe shi a yaƙin Burmi a watan Yulin wannan shekarar.

Labarin a taƙaice

Ganɗoki da kansa ne yake ba wa yara labarin rayuwarsa. Ana iya kasa labarin gida biyu. Kashi na farko ya bi sawun tarihi: Ganɗoki barde ne a rundunar Sarkin Sudan, ya yi yaƙe-yaƙen bakin iyaka, ya kuma gwabza da sojojin Turawa. Da ƙasa ta ƙwace, ya ƙi miƙa wuya, ya bi masu hijira zuwa gabas tare da ɗansa Garba Gagare.

A kashi na biyu labarin ya bar tarihi ya shiga duniyar tatsuniya. Uban da ɗan suka ratsa ƙasashe masu nisa, suka haɗu da aljanu da dodanni, suka yi ta cin nasara suna shigar da mutane Musulunci. Da suka komo gida, sai suka tarar mulkin Turawa ya kafu, zamanin takobi ya wuce, na makaranta ya kama.

Salo da harshe

Littafin ya jingina ƙwarai da adabin baka. Ganɗoki yakan yi wa kansa kirari kafin ya afka wa abokan gaba, kamar yadda barade da 'yan tauri suke yi. Akwai yawan kambamawa, inda mutum ɗaya yake tarwatsa runduna. Ga mai nazarin harshe, littafin taska ce ta kalmomin yaƙi da kayan doki da sarautun fada, waɗanda da yawa daga cikinsu sun fita daga maganar yau da kullum. An kuma rubuta shi tun kafin a daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa yadda suke a yau.

Jigo

Babban jigon littafin shi ne jarumtaka, amma ya fuskanci ɓangarori biyu. A gefe guda ya ɗaukaka waɗanda suka tsaya wa Turawa, abin da ba ƙarami ba ne ga littafin da hukumar mulkin mallaka ta buga shekara 31 kacal bayan Burmi. A ɗaya gefen kuma ya ƙare da karɓar sabon zamani. Nasarar da Ganɗoki ya rasa a filin daga na gaskiya, a ƙasashen aljanu ya same ta.

Wani abin lura shi ne, daga bakin barde aka ba da labarin. Al'ummomin da aka kai wa hari suna fitowa ne a matsayin abokan gaba ko ganima, ba a ji tasu muryar ba. Mai karatu daga Zuru ko Yawuri zai iya ganin waɗannan yaƙe-yaƙe da wani ido daban.

Kwatanci da labaran bakin iyaka na Amurka

Adabin Amurka yana da nasa labaran bakin iyaka, irin su The Last of the Mohicans (1826) na James Fenimore Cooper, da The Virginian (1902) na Owen Wister, da Riders of the Purple Sage (1912) na Zane Grey. Daga irinsu ne finafinan kaboyi suka samo asali. Sun yi tarayya da Ganɗoki a wasu abubuwa: jarumin da ba ya ja da baya, da ƙasar da hukuma ba ta gama mallaka ba, da kewar zamanin da ya riga ya shuɗe lokacin da aka yi rubutun. Bambancinsu shi ne, labaran Amurka akasari sun fito daga ɓangaren da ya ci ƙasa. Shi kuwa Ganɗoki ya ɗanɗana duka biyun: ya ci wasu da yaƙi, shi ma aka ci ƙasarsa.