Gunki ko Alama?

Ƙaramin hoton nan da ake latsawa a buɗe fayil a kwamfuta, Turawa na kiransa "aikon". Kalmar ta Girkanci ce, ma'anarta siffa ko kamanni, kuma da ita ake kiran zanen waliyyai da ke rataye a majami'un Girka da Rasha. David Canfield Smith ne ya shigar da ita harkar kwamfuta a 1975, kafin na'urar Xerox Star ta fito da irin waɗannan hotuna kasuwa a 1981.

Daga waccan ma'ana ta ibada wasu masu fassara suka ɗauko "gunki". Ni kam ba ta kwanta mini ba. Bahaushe in ya ji gunki, abin bauta yake tunawa, alhali wannan hoto nuni kawai yake yi. "Alama" ta fi dacewa.

Tunda nuni kawai hoton yake yi, in ya ɓace, ko ya koma farar takarda, galibi fayil ɗin na nan daram. A Windows, ma'ajiyar hotunan ce kan lalace. Sai a goge fayilolin ma'ajiyar, irin su IconCache.db, a kashe kwamfutar a sake kunnawa, ita da kanta za ta gina sabuwa.