Zubin harsashin dalma: Tsohuwar sana'ar 'yan gasar harbi da ke gwada haƙuri

A Amurka da wasu ƙasashen Turai akwai 'yan gasar harbin bara waɗanda ba sa dogaro da harsashin masana'anta. Su ne ke narka dalma, su zuba ta a mazubi, su harhaɗa harsashinsu da hannu. Mafi wahala a wannan fanni shi ne zubin harsashi domin dogayen bindigogi masu ƙaramin baki, waɗanda faɗin harsashinsu bai wuce inci 0.224 ba, wato kimanin milimita 5.7.

Sassan harsashi

Cikakken harsashi ya ƙunshi abubuwa huɗu: kwanson tagulla, da albarushi, da kan harsashin da ke fita ya doshi abin bara, da kuma 'yar hular da ke tayar da wuta. A wani nau'in, sinadarin tayar da wutar yana cikin gefen gindin kwanso, don haka da an harba shi sau ɗaya ya gama aiki. A ɗaya nau'in kuwa, hular tana zaune a tsakiyar gindi, ana iya cire ta a sa sabuwa. Wannan ne ya ba da damar amfani da kwanso guda sau da dama.

A shekarar 1866 aka yi rajistar fasaha biyu ta irin wannan hula: ta Edward Boxer a Ingila, da ta Hiram Berdan a Amurka. Daga baya sai aka yi musaya. Amurkawa suka rungumi ta Boxer saboda sauƙin cire ta, ita kuwa ta Berdan ta yaɗu a masana'antun Turai.

Yadda dalma ta rasa matsayinta

Har zuwa ƙarshen ƙarni na 19, da zallar dalma ko gauraye da ɗan kuza ake yin kan harsashi. A 1884 John Barlow ya kafa kamfanin Ideal a birnin New Haven na jihar Connecticut, yana sayar da mazubai da kayan harhaɗa harsashi, kuma kamfanin Lyman ya gaji wannan kasuwanci a 1925.

A wannan shekara ta 1884 ce Paul Vieille ya ƙirƙiro albarushi marar hayaƙi a Faransa, wanda ya ƙara wa harsashi gudu ƙwarai. Dalma ba ta iya jure wannan ƙarfi ba, shi ya sa sojoji suka koma ga harsashin da aka lulluɓe da rigar ƙarfe, dabarar da Eduard Rubin ya ɓullo da ita a Suwizalan a 1882. Amma 'yan gasa ba su yar da dalma ba. Ƙungiyoyin harbi da Jamusawa 'yan ci-rani suka kafa a Amurka sun ci gaba da fafatawa da ita daga nisan yadi 200, a tsaye, ba tare da jingina bindiga ba.

Dalilin wahalar ƙaramin harsashi

Fitattun harsasai biyu a wannan aji su ne .22 Hornet, wanda Winchester ya fara sayarwa a 1930, da .222 Remington na 1950, wanda ya mamaye gasar harbi daga kan teburi har tsakiyar shekarun 1970. Dukansu an ƙera su ne domin kai mai rigar jan ƙarfe.

Kan dalma na irin waɗannan bindigogi bai cika wuce giram 3 zuwa 4 ba. Ɗan kumfan iska da ya maƙale a ciki lokacin zubi, wanda ba zai yi wani tasiri a babban harsashi ba, ya isa ya karkatar da ƙarami. A cikin bututun bindiga akwai tsagogi masu murɗewa da ke sa harsashi juyawa. Idan yana juyi ɗaya a kowane inci 14, yana kuma gudun mita 600 a daƙiƙa, to juyawarsa ta haura sau 100,000 a minti guda. A irin wannan yanayi, rashin daidaiton nauyi komai ƙanƙantarsa sai ya bayyana a jikin allon bara. Saboda haka masu sana'ar kan auna kowane kai a ma'auni, su mayar da duk wanda ya saɓa cikin tukunya.

Matsala ta biyu ita ce taushi. Dalma tana narkewa a zafin digiri 327 na ma'aunin Salshiyos, kuma taurinta kusan 5 ne kawai a ma'aunin Brinell. Idan gudu ya yi yawa, sai ta riƙa gogewa tana mannewa a cikin bututu, saiti ya lalace. Ana ƙara mata tauri da kuza da antimoni. Ƙarfen haruffan tsofaffin injinan ɗab'i na Linotype, mai tauri kusan 22, ya daɗe yana da farin jini saboda haka. Tun farkon ƙarni na 20 kuma ake sa wa gindin harsashin 'yar hular jan ƙarfe domin kare shi daga zafin iskar albarushi. Duk da haka, galibin masu harbin dalma kan tsaya a kusan mita 600 a daƙiƙa, alhali mai rigar jan ƙarfe a .222 Remington yana haura mita 900.

Ribar da suke nema ita ce arha, da ƙarancin ƙara, da tsawon ran bututu, domin dalma ba ta cin ƙarfe kamar harsashi mai riga.

Haɗarin gubar dalma

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jikin ɗan Adam da aka san ba shi da illa. Tana lahanta ƙwaƙwalwa da ƙoda, kuma ƙananan yara da mata masu juna biyu sun fi kowa shiga haɗari. Ƙurar da ke tashi wajen narkawa da sarrafawa tana bin hannu da tufafi har cikin gida. Nijeriya ta ga irin ɓarnar wannan guba a 2010, lokacin da ƙurar duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma ta hallaka yara aƙalla 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara.

Damuwa kan muhalli ma ta taƙaita amfani da dalma. Amurka ta hana farautar tsuntsayen ruwa da ita a 1991, jihar Kalifoniya kuma ta haramta ta a kowace irin farauta daga 1 ga Yuli, 2019.

Matsayin doka

Dokar tarayyar Amurka ta yarda mutum ya harhaɗa harsashi domin amfanin kansa, amma sai da lasisi zai mayar da shi kasuwanci. A Jamus, sai mutum ya halarci kwas ya ci jarrabawa kafin a ba shi izinin sayen albarushi.

A Nijeriya lamarin ya sha bamban. Dokar Makamai ta 1959 ta haramta ƙera ko harhaɗa bindiga da harsashi sai a wuraren da hukuma ta amince da su, kuma saɓa mata laifi ne mai hukuncin ɗauri. Babbar cibiyar da aka ɗora wa wannan aiki ita ce Hukumar Masana'antun Tsaro ta Nijeriya, DICON, wadda aka kafa a Kaduna a 1964. Abin da ake ɗauka a matsayin sha'awa ta 'yan wasa a wasu ƙasashe, a nan yana iya kai mutum gidan yari.