Hajjin Ƙasa: Zamanin da Hanyar Makka Take Cin Shekaru

A yau maniyyaci yakan tashi daga Legas da safe, kafin gari ya sake wayewa yana Madina. Kakanninmu kuwa da ƙafa suka san wannan hanya, shi ya sa ake ce mata hajjin ƙasa.

Ayari kan tashi daga Kano ko Katsina ya nufi gabas. A ratsa Barno, a haye kogi a Kusiri a shiga Fort Lamy, wato Injamena ta yanzu. Daga nan sai Abeshe a ƙasar Wadai, sai Junaina da Fashir a Darfur, sai Ubayyid, sai Umdurman, har a dangana da Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Ko da layin dogo ya iso Ubayyid a 1912, mai ɗan abin hannu ne ke hawa. Talaka ya ci gaba da taka sayyadarsa.

Ba wanda ke iya ɗaukar guzurin da zai kai shi. Idan na hannu ya ƙare, sai a yada zango a nemi na gaba: wani ya yi noma, wani ɗinki, wani ga-ruwa, malami ya buɗe makarantar allo. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a Sudan a 1925, Hausawa da yawa can suka tsaya ƙwadago. Haka tafiyar ke cin shekaru, wani ya fita da jariri a goye, ya dawo yaron ya isa aike.

To, me ya sa mutum zai ɗora wa kansa wannan wahala? Amsar tana cikin fiƙihun da muke bi. A mazhabar Malikiyya ba a sharɗanta abin hawa ba. Mai lafiyar da zai iya takawa, hanya kuma da aminci, ga sana'ar da za ta ciyar da shi, ana lissafa shi cikin masu iko. Aya ta 27 a Suratul Hajji ma ta ambaci masu zuwa da ƙafa kafin masu zuwa a kan raƙuma. Don haka a wurinsu ibada ba sai an ɗaura harami take farawa ba, tun daga ƙofar gida ne.

Shi ya sa sallamarsu take kama da ta mai barin duniya. Mutum ya biya bashi, ya mayar da ajiya, ya bar wasiyya, ya bi gida gida yana neman gafara. A hanya kuma ƙishirwa ba ta san attajiri ba, ɗan sarauta da almajiri rijiya ɗaya suke jira. Wanda ya cika a daji, 'yan ayari su sallace shi su rufe, suna kyautata zaton Allah ya karɓi niyyarsa.

Ba kowa ya isa ba, ba kowa kuma ya dawo ba. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, suka kafa garin da har yau ke amsa sunansa kusa da Sinnar. Zuriyarsu da ta sauran alhazan ƙasa suna nan a Sudan, kuma yaƙin da ya ɓarke a 2023 bai bar yankunansu ba. Mu da muke zaman Sabo mun fi kowa sanin yadda zango ke zama gida.

Jirgin sama ya ɗauke mana tafiyar, alhamdu lillahi, amma bai ɗauke haƙƙin mutane ba. Maniyyacin bana, kafin ka ɗaure jaka, duba littafin bashinka na kasuwa, ka kuma leƙa maƙwabcin da kuka daina gaisawa. Allah ya jiƙan magabata, ya kawo wa 'yan uwanmu na Sudan zaman lafiya.